Ranar da Aka Koya wa Injina Rashin Haƙuri

Wanda ya fara sa hannu a cikin babbar manhajar injunan kamfaninmu ya gyara mata zama shi ne marigayi Enayet Kabir, a azumin shekarar 2011, lokacin da kamfanin, wato Ghatpar, bai wuce ɗakuna biyu a saman wani shagon fanka a unguwar Karwan Bazar ta Dhaka ba. Tikitin jirgin ruwa muke sayarwa ta waya. Kafin zuwansa, duk ranar da aka buɗe tikitin Sallah injunan sukan durƙushe tun hantsi bai ɗaga ba. Shi ya tsayar da su da ƙafafunsu, ya kuma bar mana ƙa'idoji biyu. Ta farko, ba a canza abu biyu a lokaci guda: a taɓa ɗaya, a auna, a jira, sannan a matsa. Ta biyu, babban mabuɗi, wato kalmar sirrin da ke buɗe cikin injunan gaba ɗaya, a kan mutum ɗaya yake zama. Da ciwo ya kwantar da shi, ya aika aka kira ni asibiti, ya sa matarsa ta toshe kunnuwanta, ya faɗa mini kalmar.

Ni ce Shamsunnahar Mojumdar, wadda ake kira Nahar Apa a ofis, wato Yaya Nahar. Shekaruna arba'in da huɗu, ban taɓa aure ba. Masu rubuto mini "Allah sarki Apa" a ƙasan labarin nan, ina roƙonku ku adana Allah sarkinku ga mai bukata. Ban zo neman tausayi ba. Na zo ne in faɗa muku yadda aka karɓe mini mabuɗin nan ta hannun mutumin da aka kawo ya aure ni.

Khala Jahanara, ƙanwar mahaifiyata, ita ta samo shi. Aurarraki ne sana'arta ko da yake ba ta yarda sana'a ce ba, kuma ni ce kaɗai aikin da ya gagare ta a dangi. Ta ce sunansa Iftekhar Talukdar, matarsa ta rasu, ya dawo daga Kuala Lumpur, injiniya ne irina. Abin da ta ɓoye shi ne abokin karatun mai kamfaninmu ne, Mosharraf Saheb, kuma an riga an ba shi kujerar shugaban fasaha a kaina.

A makon farko na azumi aka gayyace shi buɗa-baki a gidanmu na Mohammadpur. Ammu, mahaifiyata, ta sa an wanke labule, ta fito da farantan tangaran ɗin da ba a taɓa ba tun rasuwar Abbu, mahaifina, ta jera piyaju da soyayyen gauta da halim da jilapi kamar ana tarbar mahajjata. Ta shimfiɗa mini sarinta, zanen jamdani mai ruwan toka, a kan gado. Na saka, domin uwa uwa ce, amma na ƙi jan baki.

Ya shigo cikin farar rigar panjabi mai shuɗin aiki a wuya, da agogon nan mai ƙirga wa mutum takunsa, da turaren da ya riga shi hawa bene. Ba zan yi muku ƙarya ba, yana da kwarjini, furfurar ma ta zauna masa. Sai dai ko dabino bai gama sauka a maƙogwaronsa ba ya dube ni.

"Nahar, na leƙa injunanki jiya."

Nahar. Haka tsirara, ba Apa, ba komai, kamar tare muka yi wasan ƙasa.

"Injunan kamfani ne, Iftekhar Saheb. Ni amana aka ba ni."

"To amanar taki tana tafiya kamar keken riksho a cunkoson Farmgate."

Khala ta tafa hannu. "Kun ji! Ba a ɗaura ba har sun fara faɗan miji da mata."

"Riksho yana kai mutum gida," na ce.

"Yana kai shi, bayan ya tsufa a hanya. Ina da gyare-gyare sun fi talatin da na yi wa injunan wani banki a can. Ki ba ni yini ɗaya, manhajar nan za ta tashi sama."

"Ɗaya bayan ɗaya ake yi a wurinmu. Haka Enayet Saheb ya kafa."

"Allah ya ji ƙan Enayet Saheb," ya ce yana ɗibar halim. "Amma ba shi zai sayar da tikitin bana ba."

Ammu ta take mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na haɗiye abin da ya zo bakina tare da ruwan lemo.

Ga wanda bai san aikinmu ba, babbar manhaja kamar mai tsaron ƙofar tashar jirgi take. Ita ke yanke mutum nawa za su shiga a lokaci guda, da tsawon layin da za a bari, da iya haƙurin da za a yi da wanda aka yi wa magana bai amsa ba. Gyara ta shi ne aikina. Ba ƙarfi ake ƙara wa inji ba, hali ake koya masa, kuma halin da ya dace da wani gari ba lallai ya dace da wani ba.

Washegari da safe ina cikin riksho saƙonsa ya shigo.

"Salam Nahar. Halim ɗin Ammu ya yi daɗi. Turo mini babban mabuɗi."

Ammu ma ta zama tasa ke nan. Na rubuta: "Wa alaikumus salam, Iftekhar Saheb. Zan isar wa mahaifiyata. Ba a tura mabuɗi ta waya, ba a kuma raba shi biyu."

"Mutumin da za ki ba amanar rayuwarki za ki hana kalma ɗaya?"

"Ban ba kowa rayuwata ba tukuna."

Ya ɗauki hoton hirar ya tura wa Khala. Namiji mai shekara hamsin, masu karatu, ya kai ƙarata wurin ƙanwar uwata. Da na koma gida na tarar da Ammu zaune a kan darduma, carbi a hannu, fuska a murtuke.

"Kalma ce fa, Nahar. Kalma! Ba zinariya ba, ba fili ba."

"Ammu, ba tawa ba ce da zan yi kyauta da ita."

"Ranar da aka kai ni gidan ubanki, kafin in cire lulluɓi na miƙa masa mabuɗin akwatina. Me na rasa?"

"Akwatinki ba ya kai mutane gida Sallah."

"Bakin nan naki shi ya zaunar da ke." Ta ajiye carbin. "Ina so in hau jirgin Makka na san akwai mai buɗe miki ƙofa idan kin dawo daga aiki. Injin naki zai jiƙa miki magani ranar da kika kwanta?"

A nan ta sanar da ni an gama shiri. Bayan Sallah za a yi baiko a gidanmu na Barishal, kuma Khala ta ɗauki alkawarin saya wa kowa ɗaki a jirgin ruwan da zai kai mu can, har da dangin ango. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na shiga ɗaki na cire ɗankunne.

Da abin ya gagara ta gida, sai ya bi ta ofis. Ana saura kwanaki kaɗan a buɗe tikitin Sallah, Mosharraf Saheb ya shigo ɗakin injiniyoyi da kansa, Iftekhar na biye da shi.

"Nahar Apa, ki ba shi mabuɗin."

"Yallaɓai, ba a taɓa manhaja a makon tikiti. Tun zamanin Enayet Saheb ba a taɓa yi ba."

"Na san tarihin kamfanina. Shi ne shugabanki yanzu."

"To sai dai in ba shi gaba ɗaya. Mabuɗi ba ya zama a kai biyu. Abin da ya biyo baya kuma nasa ne."

"Na ɗauka," in ji Iftekhar, yana murmushi.

Na miƙe, na gyara mayafina, na dubi ma'aikatan da na horar da hannuna. "Ku toshe kunnuwanku." Suka toshe, babu wanda ya yi dariya. Mosharraf Saheb ya ɗan yi jim, shi ma ya toshe nasa. Na faɗi kalmar sau ɗaya. Iftekhar ya zauna a kujerata, ya shiga, ya canza ta a gaban idona, sannan ya zuba gyare-gyarensa duka a dunƙule kamar mai juye shara. Ya gwada daga kwamfutarsa, a kan layin ofis mai ƙarfi. Shafin ya buɗe kamar ƙiftawar ido. Aka yi masa tafi.

Da yamma ya rubuto: "Kada ki ji haushi. A gidanmu ke za ki riƙe mabuɗin kicin." Na karanta, na kife wayar. Da ba azumi nake ba, da na ba shi amsar da Khala za ta suma in ta gani.

Ranar buɗe tikiti na saka farar rigata kamis ta auduga, na zauna a kujerar baƙi kusa da ƙofa, tunda tawa tana ƙarƙashin wani. Babban allon bango ya yi kore shar. Ban taɓa ganin injunan suna amsawa da sauri haka ba, kuma ba zan hana shi wannan ba. Layi babu, nauyi babu.

"Ina rikshon yake?" ya tambaya da ƙarfi don kowa ya ji. "A aika a sayo alawar roshogolla ta buɗa-baki, kowa da kwalinsa. Nahar Apa a ba ta biyu."

Yau na zama Apa, da yake ba'a ce.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sauƙin ya yi yawa. Rabin Dhaka na neman hanyar gida, a ce injuna suna hamma? Ina cikin wannan tunani Purnima Didi, shugabar masu amsa koke, ta turo ƙofa, abin sauraro na rataye a wuyanta.

"Nahar, me kuka yi wa abin nan? Wayoyi sun hana mu numfashi. Kowa cewa yake yana shiga ana koro shi."

"Netwok ɗinsu ne," in ji Iftekhar ba tare da ya juyo ba. "Ki dubi allo, Didi. Kore ne."

"Ni ba allo ke zagina ba, mutane ne. Wata daga Gazipur ta ce ta fito daga masaƙa an yanke mata rabin yini, har yanzu ba ta ga ko sunan jirgi ba."

Na tashi na tsaya a bayan mai lura da ciniki, na ce ya buɗe mini abin da aka sayar. Ɗakunan jirgi sun ƙare ƙaf, na sama da na ƙasa. Tikitin fili kuwa, inda talakawa ke shimfiɗa tabarma su kwana, ko kwata ba a taɓa ba. A kowace shekara shi ke fara ƙarewa.

Nan take na gane. Idan inji ya yi wa waya magana ba ta amsa ba, yakan maimaita, ya sake maimaitawa, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar tsohuwa. Enayet Saheb ya tsawaita wannan haƙuri da gangan, ni kuma na ƙara a kai, domin masu sayen tikitinmu 'yan masaƙa ne da masu tura riksho da 'yan aikin gida, da tsofaffin wayoyi, a lungunan da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Iftekhar ya mayar da ƙwanƙwasar sau ɗaya. Wanda bai amsa nan take ba a rufe masa ƙofa. Allon kuwa saurin waɗanda aka bari suka shiga kaɗai yake aunawa. Bai san da waɗanda aka kora ba.

"Iftekhar Saheb, injin ba sauri ya ƙara ba. Mutane yake zubarwa. Ai ka yanke masa haƙuri ne."

"Haka ake yi a ko'ina a duniya."

"A bankin Kuala Lumpur, inda kowa ke zaune a kan layi mai ƙarfi. Nan tashar jirgin ruwa ta Sadarghat muke yi wa aiki. Ka dubi tikitin fili."

Ya duba. Ya fahimta, domin ba jahili ba ne, kuma wannan ya fi ba ni haushi. Ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Kada ki yi mini haka a gabansu. Zo ofishina in ba ki kalmar, mu ce tare muka gano."

"A gabansu aka karɓa. A gabansu za a mayar."

"Nahar, girman kanki zai sa mutane su rasa jirgi."

"Nawa ko naka? Kujerar tana ƙarƙashinka."

Muka tsaya muna kallon juna. Mosharraf Saheb ya shigo yana tambayar me ya tsayar da ciniki. Daidai nan wayata ta yi ƙara. Khala Jahanara. Na san inda take, a gidanta na Kamrangirchar, inda sai an hau rufi ake samun sabis. Na danna abin da zai sa kowa ya ji.

"Nahar! Wane ɗan banza ne ya lalata abin nan naku? Tun safe nake kan rufi, rana ta gasa ni, da azumi a bakina! In shiga a koro ni, in shiga a koro ni. Yanzu maƙwabciya ta ce ɗakuna sun ƙare. Dangin ango a ina zan kwantar da su, a kan buhun albasa? Wallahi ko wane ne, Allah ya sa shi ma a rufe masa ƙofa a fuska!"

"Khala, ga shi nan kusa da ni. Ki faɗa masa da bakinki."

"Ba ni shi! Kai, mara tarbiyya, uwarka ba ta koya maka jiran manya ba?"

"Assalamu alaikum, Khala," ya ce a hankali. "Iftekhar ne."

Shirun da ya biyo baya, masu karatu, da ana sayar da shi da na saya na ajiye. Sai muka ji ƙit, ta kashe. Purnima Didi ta cusa bakin sarinta a baki, kafaɗunta na rawa.

Mosharraf Saheb bai ɗaga murya ba. "Iftekhar, tashi."

Iftekhar ya sunkuya ya buga kalmarsa da hannunsa, ya buɗe injin, ya miƙe ya ja mini kujerar. Na zauna. Abu na farko da na yi shi ne canza mabuɗin, kafin komai. Sannan na mayar wa injin haƙurinsa, wannan kaɗai, na naɗe hannu.

"Sauran fa?" in ji Mosharraf Saheb. "Ki goge duk abin da ya yi!"

"Ɗaya bayan ɗaya, Yallaɓai."

"Gida na ci da wuta kina mini ɗaya bayan ɗaya?"

"Da zubawa a dunƙule aka kunna wutar."

Allon ya bar kore ya koma ruwan ɗorawa. Layi ya taru, injunan suka ɗauki nauyi suna nishi kamar yadda suka saba, sai ga tikitin fili ya fara tafiya, da kaɗan kaɗan, sannan kamar an ɓalle madatsa. Purnima Didi ta leƙo ta ce ta Gazipur ta samu, tana ta sa albarka. Na bi sauran gyare-gyaren nasa ina cirewa ina aunawa har la'asar. Yana tsaye a bayana duk tsawon lokacin, bai zauna ba. Sau ɗaya kawai ya yi magana, lokacin da na zo kan wanda ya faɗaɗa yawan mutanen da injin ke karɓa a lokaci guda.

"Wannan ki auna kafin ki cire."

Na auna. Yana da kyau. Na bar shi, ban juyo ba.

Roshogolla ya iso dab da magariba. Na ɗauki kwalina biyu kamar yadda ya yi umarni, na ba masu gadi.

Ga lissafin abin da wannan rana ta bar mini. Mabuɗi ya dawo kaina, a kai ɗaya, kuma Mosharraf Saheb ya faɗa a gaban kowa cewa ba za a sake taɓa manhaja a makon tikiti ba. Tikitin fili ya ƙare kafin a sha ruwa. Daga cikin gyare-gyaren Iftekhar Saheb na riƙe biyu, domin na auna su sun tsaya, kuma ni ba na zubar da abu mai kyau don ƙin mai shi. Ɗakunan jirgi sun tafi ga masu layi mai ƙarfi, babu mai dawo da su, saboda haka danginmu duka a fili za mu kwana, Khala da ciwon bayanta a kan tabarma. Ta daina ɗaga wayata. Ammu ta ajiye mini abinci a rufe ta shige ɗaki, ta mayar da farantan tangaran cikin kabad.

Abu ɗaya ne na yi zaton na rabu da shi, ashe yana nan. Ina warware gashina bayan tarawihi wayar ta yi haske.

"Nahar Apa. Dangina sun ce ba za su kwana a fili ba, sun fasa tafiyar. Ni na sayi tikitin fili kafin ya ƙare, da tsohuwar wayar direbana, don in ga yadda ake jira. Na jira. Ammu ta kira ni ta ce in taho da tabarmata, za ta ajiye mini wuri kusa da taku."